TSAKAR GIDA: "Umma, jirgin yaƙi nake so": abin da ya kamata ki sani kafin ki taɓa kuɗin adashi

 

Na so in ci gaba da maganar kuɗin makaranta da muka faro a makon jiya, amma wani abu da ya faru a layinmu nan Tudun Wada ya sa na ajiye ta sai wani jiƙon.

Wata maƙwabciyata ta kwashi adashi daidai lokacin da ɗanta ya sauke Alƙur'ani. Yaron shekararsa 13, kuma kusan shekara biyu ba shi da magana sai ta jirgin yaƙi na wasa, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Ta yi niyyar faranta masa, ta shiga intanet, ta zaɓi wanda ya fi girma da kyau a hoto, ta biya. Da kwalin ya iso sai aka tarar babu rimot, babu batir, babu caja. Ta sake fitar da kuɗi. Ranar wata Asabar da la'asar yara suka raka shi filin ƙwallo. Jirgin ya tashi da ƙara kamar injin markaɗe, ya yi sama, ya karkata, ya faɗa kan bishiyar darbejiya. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Yaron ya dawo da fukafukai a leda, baban ya ce "ai na faɗa", ita kuma ta shigo wurina tana share ƙwalla.

Ba asarar kuɗin ce ta fi damuna ba. Tun ranar yaron ya daina maganar jirgi. Shi ya sa na ce bari mu zauna mu yi wannan magana, domin na san a cikinku akwai wadda ɗanta ko 'yarta ke nuna mata irin waɗannan hotuna a waya.

Sha'awar ba shirme ba ce

Yaron da ya tashi a Zariya ya ce yana son jirgi, bai yi abin mamaki ba. Tun 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama da ke Palladan, kuma kusan kullum muna jin ƙananan jiragenta suna shawagi a kanmu muna shanya. A can Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, ta yi karatu, daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. A Kaduna, nan kusa da mu, injiniyoyin sojin sama sun ƙera jirage marasa matuƙi har suka raɗa musu sunayen Hausa: Gulma a 2013, Tsaigumi a 2018. A 2019 aka maƙala wa Kafayat Sanni fukafukan matuƙiyar jirgin yaƙi, mace ta farko a ƙasar nan. Don haka kada ki ce wa yaro "wannan wasan 'ya'yan masu kuɗi ne", kada kuma ki ce wa yarinya "ba na mata ba ne".

Amma ki lura da abu guda. Su kansu sojojin sama ba sa ɗora ɗalibi a kan Alpha Jet ko JF-17 ranar farko. A Kaduna ake fara koya masa da ƙaramin jirgi mai farfela, daga nan ya wuce Kano ya hau L-39, sannan a ba shi jirgin yaƙi. Da rarrafe yaro kan tashi. Kuskuren maƙwabciyata shi ne ta fara daga matakin ƙarshe.

Shirwa da shaho

Na koyar da fiziks shekaru da dama, amma ba zan kai ku aji ba. Ki dubi shirwa: fukafukanta faɗi gare su, jikinta ba nauyi, tana iya shawagi a hankali kamar ba ta motsi. Shaho kuwa fukafukansa tsukakku ne, ƙarfinsa a gudu yake. Jirgin koyo shirwa ne, jirgin yaƙi shaho.

Dalili shi ne, fiffike ba ya ɗaga jirgi sai iska tana gudu a kansa. Idan fiffiken ƙarami ne kuma jirgin na da nauyi, dole ya yi gudu sosai kafin ya tsaya a sama. Da ya rage gudu sai ya sulluɓo. An ƙera jirgin yaƙi da gajerun fukafukai don gudu, kuma na wasan ma haka ya gado. Faɗin fukafukan Alpha Jet na gaske kimanin mita 9 ne. Idan an rage shi sau goma zai zama santimita 90, amma halinsa na son gudu yana nan.

Ga lissafi mai sauƙi. Jirgin wasa matsakaici yana iya wuce kilomita 100 a awa. Wato mita 28 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Filin ƙwallo tsawonsa kimanin mita 100 ne, kin ga bai kai daƙiƙa 4 ba ya ƙetare shi. Yaron da bai taɓa riƙe rimot ba, kafin ya tuna wane yatsa zai motsa, jirgin ya kai rufin kwanon mutane.

Girman jirgi: lambar da za ki duba

Jiragen yaƙi na wasa masu aiki da batir kashi biyu ne. Akwai masu siffar jirgin yaƙi amma ƙananan farfela ne a bayansu suke tura su. Akwai kuma waɗanda aka ɓoye wata fanka mai tsananin gudu a cikin bututu a cikinsu, tana zuƙar iska ta gaba tana feso ta ta baya. A kwali za ki ga an rubuta musu EDF, sannan lamba da milimita. Lambar nan faɗin fankar ce, kuma ita ce ke gaya miki girman jirgin, da ƙarfinsa, da abin da zai ci a aljihunki.

Na farko, ƙaramin na wasa. Faɗinsa bai fi santimita 25 zuwa 35 ba, nauyinsa bai kai giram 100 ba, farfela biyu a baya, batir ƙwaya ɗaya. An yi shi da wani soso mai laushi da ake rubuta wa EPP, wanda ke lanƙwasawa ya dawo. Ya faɗi sau ashirin a ɗauka a kakkaɓe. Wannan shi ne na gwaji: da shi za ki gane ko sha'awar ta gaske ce ko ta kwana uku.

Na biyu, jirgin koyo mai fiffike a saman jiki da farfela a hanci. Ba jirgin yaƙi ba ne, kuma yaro zai ɓata rai idan ya gan shi. Ki daure. Shi ne makarantar. Ki nemi wanda ke da na'urar daidaita kai, wadda ke miƙar da shi idan an saki sandar rimot.

Na uku, mai fanka milimita 50 ko 64. Faɗinsa tsakanin rabin mita da santimita 80, nauyinsa yawanci bai wuce kilo ɗaya ba. Da yawa da hannu ake jefa su, su sauka a kan cikinsu a ciyawa. Wannan shi ne jirgin yaƙi na farko ga wanda ya riga ya iya tashi da sauka da jirgin koyo ba tare da ya karya komai ba.

Na huɗu, milimita 70, 80 da 90. Irin wanda maƙwabciyata ta saya ke nan. Nauyinsu daga fiye da kilo ɗaya har zuwa kilo uku ko huɗu, suna da ƙananan tayoyi masu shigewa ciki, kuma suna son doguwar hanya mai santsi kamar kwalta. Waɗannan na manya ne da suka ƙware. Abu mai kilo uku da ke gudun mota a kan babban titi ba kayan wasa ba ne idan ya sami kan yaro.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Ƙaramin jirgi bai fi babba sauƙin tuƙi ba. Ƙarami rawar kai gare shi, iska kaɗan ta wujijjiga shi, kuma da ya yi nisa ido ba ya gane inda ya fuskanta. Babba ya fi natsuwa a sama. Bambancin yana wurin faɗuwa: ƙarami in ya faɗi gam za ki saya, babba in ya faɗi adashi ya tafi. Mai koyo kuwa dole ya faɗi. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki ba "wanne ya fi kyau" ba ce, "wanne zan iya jure ganin ya karye" ce.

Ƙarfi: ma'anar 2S, 3S da 6S

Batirin waɗannan jirage ana rubuta masa LiPo, ɗan uwan na wayarki ne amma ya fi shi zafin rai. Kowace ƙwaya ɗaya bolt 3.7 ce. Harafin S yana nuna yawan ƙwayoyin da aka jera: 2S bolt 7.4, 3S bolt 11.1, 4S bolt 14.8, 6S bolt 22.2. Masu fanka 50 da 64 yawanci 3S ko 4S suke ci, masu 70 kuma 4S ko 6S, daga 80 zuwa sama galibi 6S.

Ƙarfin inji da wat ake auna shi, kuma ana samunsa ne idan an ninka bolt da yawan wutar da injin ke ja. Jirgi mai 6S da ke jan amp 70 yana cin wat sama da 1,500. Ki kwatanta: wannan ya kai, ko ya fi, abin da dutsen gugarki na lantarki ke ci, kuma duk daga wani batir da bai fi sandar sabulun wanki ba.

Masu wannan sha'awa suna da ƙa'idar da suke bi: jirgin koyo yana wadatuwa da kimanin wat 150 ga kowane kilo na nauyinsa, jirgin yaƙi mai fanka kuwa yana son ninki biyu zuwa uku na haka. Fankar cikin bututu ba ta da ƙarfin ja idan jirgi na tafiya a hankali, kuma in an ba ta wuta tana ɗan jinkiri kafin jirgin ya amsa. Shi ya sa jirgin yaƙi mai raunin inji ya fi hatsari: a jefa shi, ya kasa kama iska, ya dungura.

A nan Zariya ki ƙara da wannan. Garinmu yana sama da mita 600 daga matakin teku, ga zafin bazara a watannin Maris da Afrilu. Iska mai zafi a tudu ba ta da kauri, don haka fanka ba ta samun abin turawa kamar yadda aka rubuta a kwali, injin da batirin kuma suna saurin ɗaukar zafi. Idan kwali ya ce jirgi na tashi da 3S ko 4S, a wurinmu na ƙasan da ƙyar zai yi, musamman da rana tsaka.

Amma kada yaro ya yaudare ki da "bari in sa masa babban batir ya ƙara gudu". Kowane inji da na'urar da ke ba shi wuta suna da iyaka. Wanda aka yi don 3S aka sa masa 4S, hayaƙi za ki gani. Batir mai nauyi kuma yana sauya ma'aunin jirgi, ya rinjayi hanci ko wutsiya. Abin da takardar cikin kwali ta ce, shi za a bi.

Sai lambar mAh, wato girman tankin. Batir mai 2200 da inji ke jan amp 30 daga gare shi zai ƙare cikin minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi. Haka abin yake: yawancin jiragen yaƙi masu fanka minti 3 zuwa 5 suke yi a sama, cajin kuma ya ɗauki kusan awa guda. Ki gaya wa yaro wannan tun kafin a saya, kuma ki sa kuɗin batir na biyu a lissafi. Jirgin koyo yakan ninka wannan lokaci, wani dalili ke nan da ya sa ya fi dacewa da mai koyo.

Haruffa uku da suka cinye adashi

Idan kin ga RTF, komai na ciki: jirgi, rimot, batir da caja. Idan kin ga PNP, jirgi ne da injinsa kawai. Rimot, da na'urar karɓar saƙonsa, da batir, da caja duk daban za ki saya, kuma kuɗinsu na iya kusantar kuɗin jirgin. Na maƙwabciyata PNP ne, an rubuta, ba ta san ma'anarsa ba. Kafin ki tura kuɗi ki tambayi mai sayarwa abu uku: me ke cikin kwalin, akwai farfela ko fankar canji, kuma ina za a sami batir idan wannan ya mutu. Farashin kayan nan dala yake bi, kuma jirgin da babu kayan gyaransa a ƙasa, faɗuwarsa ta farko ita ce ta ƙarshe.

Maganar wuta, wadda ta fi komai

Ko ba ki riƙe komai a rubutun nan ba, ki riƙe wannan. Batirin LiPo yana kamawa da wuta idan an cika masa caji fiye da ƙima, ko an huda shi, ko ya bugu, ko ya yi zafi. Wutarsa mai tsanani ce, ga hayaƙi mai guba.

Kada a yi cajinsa a kan katifa, kujera ko darduma. Ki ware tsohuwar tukunyar ƙasa, ki zuba yashi a gindinta, a sa batirin a ciki, a ajiye a kan siminti a tsakar gida inda inuwa take. Kada a bar shi a jone a tafi barci da sunan "in an kawo wuta ya yi caji". Mun san yadda wutarmu ke dawowa da tsakar dare. A yi amfani da cajarsa ta asali mai daidaita ƙwayoyi, ba wata da aka haɗa a wurin mai gyaran rediyo ba. Cikarsa bolt 4.2 ce a kowace ƙwaya, kuma idan za a ajiye shi kwanaki, a bar shi wajen 3.8, ba cike ba, ba fanko ba. Kada a bar shi a mota ko a ɗakin kwano da bazara. Idan kin ga ya kumbura kamar fanke, ya gama aiki: a fitar da shi waje cikin bokitin yashi, kada ƙanne su same shi su huda. Ni a gidana batir a hannuna yake kwana, ba a ɗakin yara ba.

Ki kuma ja kunnen 'yan mata: fanka na zuƙar bakin hijabi da gyale, farfela kuma na yanka yatsa. A kunna rimot tukuna kafin a jona batir, a cire batir tukuna kafin a kashe rimot.

Ina za a tashe shi?

Ba a cikin Tudun Wada ba. Gidaje a cunkushe, wayoyin lantarki, turakun sadarwa, yara a kowane lungu. Ƙaramin na wasa zai iya yi a filin makaranta da sassafe in babu kowa. Mai fanka kuwa sai fili a bayan gari, kamar gona bayan girbi, da izinin mai ita. Da sassafe ko dab da magariba iska ta fi kwanciya. Lokacin hunturu a haƙura idan iska ta taso, domin ƙura da tsakuwa suna cinye fanka, hazo kuma yana ɓatar da jirgi mai launin toka. Ki sa a manna masa jan tef ko ruwan lemo a fukafukai.

Sannan akwai hukuma. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa ta sanar cewa tashin jirgi marar matuƙi yana buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kafin a sayi wani abu da ya wuce ƙaramin na wasa, baban yara ya bincika ƙa'idar da ake bi yanzu. Kada a kusanci filin jirgin Palladan, inda ɗalibai ke tashi da sauka ƙasa-ƙasa, kada a kusanci barikin Basawa ko Dafo. Ki tuna kuma halin da muke ciki. Tun abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, mutanen karkara ba sa ganin abu mai siffar jirgin yaƙi a kansu hankalinsu ya kwanta. A fara gaida mai unguwa, a nuna masa abin a hannu, babba ya raka yaro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da na yi a gidana

Ɗan farina, wanda kun san ba zan faɗi sunansa ba, shi ma ya yi wannan zazzaɓin. Na ce masa sai ya yi wata guda yana koyo da manhajar kwaikwayon tuƙi a waya, domin a nan ake gane babban tarkon: idan jirgi ya juyo yana fuskantarka, damansa ta koma hagunka. Daga nan muka sayi ƙaramin na wasa, rabin kuɗin daga asusunsa. Ya karya, ya liƙa, ya sake karyawa. Da ya kai ga jirgin koyo, kawunsa ya nuna masa yadda ake yanka fiffike daga farin soson da ke zuwa a kwalin firji. Sai bayan shekara biyu ya riƙe mai fanka 64, kuma yana nan har yau, da tabon gam a hanci. Abin da na fi murna da shi ba jirgin ba ne. Yaron da ke gudun lissafi shi ne yanzu yake ninka bolt da amp a bayan littafinsa ba wanda ya sa shi.

Shekaranjiya na aike shi gidan maƙwabciyata ya karɓo ledar nan. Injin da fankar ba su lalace ba, sun ajiye su sai nan gaba. Jiya da asuba na ji su biyun suna fita da tsohon jirgin koyon, ɗan maƙwabciyar tawa ne ke riƙe da rimot.

'Yar uwa, idan naki ya zo miki da hoto a waya, kada ki ce a'a, kada kuma ki ce to nan take. Ki ce masa, "zo mu karanta kwalin tare." Wadda ta taɓa saya, ta ba mu labarin yadda ta kaya don wasu su amfana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan kuɗin makaranta. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa su amfani al'umma. Na bar ku lafiya.